Darasi na 14: Gas daga Dagwalon Itanol

Duk wanda ya tashi a cikin Birni ya san kududdufi. In ka fito ta Ƙofar Ɗan Agundi ka miƙi titin tsohuwar Jami'ar Bayero, ka wuce Ƙofar Na'isa ka doshi Gadon Ƙaya, a da kududdufai ne ke bin gindin ganuwa, ramukan da magabata suka haƙa don ɗibar ƙasar gini, damina ta zo ta cika su. Yanzu an cike da yawa daga cikinsu an kafa shaguna da gidaje. Amma wanda ya yi ƙuruciyarsa a bakinsu zai tuna abu guda. Da bazara, in ruwa ya ja baya ya yi kore shar, sai ka ga kumfa tana tasowa daga ƙasa, ɓul, ɓul, ba kifi ba ne, ba kuma kwaɗo ba. In yaro ya caka kara cikin baƙin taɓon nan ya jujjuya, sai ta taso a jere, da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai.

Kumfar nan iska ce, in kuwa aka tara ta aka ƙyasta mata ashana, kamawa take yi. Wani masani ɗan ƙasar Italiya, Alessandro Volta, ya yi irin wasan yaran nan a shekarar 1776 a fadamar tafkin Maggiore: ya motsa taɓo da sanda, ya tara kumfar a kwalba, ya gwada ta da wuta. Abin da ya tara shi ake kira metan a yau. Idan ganye ko kashi ko ragowar abinci ya ruɓe a wurin da iskar da muke shaƙa ba ta shiga, abin da ke fitowa cakuɗe ne: rabi zuwa kashi 70 cikin 100 metan, sauran galibi irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, sai ɗan abin da ke kawo warin. Wannan cakuɗen shi ne bayogas. A darasin nan in mun ce gas shi muke nufi, ba dizal da direbobi ke kira gas ba, ba kuma na tukunyar girki da ake cikawa a gidan mai ba.

Za mu duba yadda ake tatsar wannan gas da gangan daga ɗaya daga cikin ruwayen masana'antu mafi ƙazanta, wato dagwalon masana'antar itanol.

Ina itanol, ina dagwalo?

Ranar da na fara kawo wannan magana a aji, wani dattijo mahauci ya ɗaga hannu.

"Malam, a yi mini afuwa. Wannan itanol ɗin, ba ita ce giya ba?"

Na ce, "Baba, tambayarka na kan hanya. Sinadarin da ke bugarwa a cikin giya shi ne itanol. Amma shi ne kuma sifirit ɗin da ake goge maka damtse da shi kafin a yi maka allura. Shi ne a cikin sanitaizar da ta cika gari lokacin korona. Da shi ake haɗa turaren fesawa da fenti da wasu magunguna, a wasu ƙasashe ma shi ake zuba wa mota."

Hukuncin shansa sananne ne, sauran rassan maganar kuma na malamai ne. Mu abin da ya dame mu shi ne ruwan da masana'anta ke zubarwa in ta gama aikinta, domin kogi ba ya tambayar me aka yi da sifirit ɗin.

Ana yin itanol da duk abin da ke da zaƙi ko sitaci: rake, rogo, masara, dawa. Masana'antun sukari kuma suna da wani baƙin ruwa mai kauri kamar maɗin ɗinya da ke saura bayan an cire sukari, ana ce masa molas, shi ma da shi ake yi. Sai a dama molas ɗin da ruwa, a zuba yis irin na masu burodi, a bari kwana biyu ko uku. Yis ya cinye zaƙin ya bar itanol. To amma itanol ɗin da ke cikin tankin bai fi kashi 8 zuwa 12 cikin 100 ba, sauran duk ruwa ne da tarkace. Don a raba su sai a dafa. Itanol yana tafasa a digiri 78, ruwa kuwa sai ya kai 100, saboda haka shi ke riga tashi, a tare tururinsa a sanyaya shi ya koma ruwa garau.

Abin da ya rage a gindin tukunya shi ne dagwalo, kuma ba kaɗan ba ne. Kowace lita guda ta itanol tana barin lita 10 zuwa 15. Yana fitowa da zafi dab da tafasa, da tsami kamar nonon da ya kwana, in na molas ne kuma baƙi ƙirin kamar shayin da aka manta a kan wuta.

Injiniyoyi suna da ma'aunin ƙazantar ruwa da suke kira COD. A taƙaice, awo ne na yawan abin da zai iya ruɓewa a cikin ruwan. Ruwan kwata na gidaje yakan kai kamar rabin giram a lita. Dagwalon molas kuwa yakan kai giram 80 zuwa 100 a lita, wato ya ninka na kwata fiye da sau ɗari. In aka sake shi a kogi, ƙananan halittun cikin ruwa sai su far masa da ci, garin cin nan su shanye iskar da ke narke a ruwan, wadda kifi ke rayuwa da ita. Kwana ɗaya ko biyu sai ka ga kifaye sun taso ciki sama. Ba guba ce ta kashe su ba, numfashi aka ƙwace musu.

Babu masana'antar itanol a cikin ganuwar Kano, kuma yawancin wanda ake amfani da shi a Nijeriya shigo da shi ake yi. Amma sana'ar ba baƙuwa ba ce. Tun farkon shekarun 1970 aka kafa kamfanin NIYAMCO a Bacita ta Jihar Kwara, ya riƙa yin yis da itanol da molas ɗin kamfanin sukarin garin. A Igbesa ta Jihar Ogun akwai Allied Atlantic Distilleries mai yi da rogo. A 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin da ya yi burin gauraya kashi 10 cikin 100 na itanol a fetur, ko da yake burin ya fi yawa a takarda. Ga kuma gonakin rake na Numan da Sunti da Lafiagi, duk a Arewa, kuma inda duk aka yi sukari molas na nan yana jiran mai tatsa. Gara mu san maganar tun ba ta iso bakin ruwanmu ba. Mutanen da ke zaune a gefen rafin Salanta da kogin Challawa, inda ruwan masana'antun fata ke gangarawa, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Tumbi ne, ba inji ba

Tankin da ake ruɓar da dagwalo a ciki rufaffe ne ruf, iska ba ta shiga, gas ba ya fita sai ta bututunsa. Mutane sukan ɗauke shi inji. Ni na fi son a ɗauke shi tumbin saniya, kuma ba kwatance kawai ba ne: dangin halittun da ke aiki a tankin su ne a tumbin, shi ya sa saniya ke gyatsar metan, shi ya sa kuma in za a tayar da sabon tanki ake zuba masa ɗanyen kashin shanu ko abin cikin tumbi daga mayanka, a matsayin iri.

Halittun nan ido ba ya ganinsu, kuma aikin nasu miƙa-miƙa ne. Rukunin farko su farfasa manyan abubuwa, irin su sitaci da mai da ɓawo, su mayar da su ƙanana masu narkewa. Na biyu su cinye waɗannan su fitar da tsami, kamar yadda madara ke zama nono. Na uku su mayar da tsamin nan iri-iri ya koma irin na ruwan khal. Na huɗu su ne masu gas, su ke cinye wannan tsamin su fitar da metan. Ga mai kula da tanki, biyu kawai ya isa ya riƙe: masu tsami da masu gas. Duk sirrin aikin yana tsakaninsu.

Masu tsami 'yan ta-kife ne. Ba ruwansu da zafi ko sanyi sosai, cikin 'yan sa'o'i sun ninka yawansu. Masu gas kuwa 'yan lallaɓa ne. Sukan ɗauki kwanaki kafin su ninka, iskar da muke shaƙa guba ce a gare su, ba sa son zafi ya sauya musu farat ɗaya, sannan babban abin mamaki, tsamin da suke ci shi ke kashe su in ya yi yawa. A ma'aunin tsami, inda 7 ke tsakiya, ƙasa da ita kuma tsami ke ƙaruwa, sun fi son wajen 7 ɗin. In ya sauka ƙasa da 6.5 sai su fara sanyi. Dagwalo kuwa da 4 zuwa 4.5 yake zuwa.

Na ga wannan da idona, kuma laifina ne. Shekarun baya ni da wasu ɗalibai mun haɗa ɗan tumbi da durom mai cin lita 200 a bayan aji. Muka dama kashin shanu da ruwa rabi da rabi, muka toshe ko'ina, muka jona tiyo zuwa tib ɗin tayar mota. Mako na uku tib ya kumbura, muka kunna, ga harshen wuta shuɗi ba hayaƙi. Wata baiwar Allah mai koko a unguwar ta riƙa ba mu ruwan tsamin gasara, muna zuba jug guda kullum, gas yana ƙaruwa. Daɗi ya ɗebe mu, muka ce in jug guda ya yi haka, ina ga bokiti biyu? Kwana uku tib yana cika fiye da kullum, muna ta tafi. Amma da muka ƙyasta ashana sai gas ɗin ya hure ta. Ba metan ba ne, iskar banza ce ta masu tsami. Kwana biyu bayan nan komai ya tsaya cik. Da muka buɗe, tsami ya doki hancinmu.

Mai kokon ce ta warware mana. Ta leƙa, ta yamutsa fuska, ta ce, "Malam, ai ɗure kuka yi masa. Ko ragon layya ka cika shi da hatsi rana ɗaya, kumburi zai yi. Ku jiƙa masa kanwa, ku ƙyale shi ya huta."

Abin da littattafan injiniyoyi suka ce ke nan, ba ragi ba ƙari: a dakatar da ciyarwa, a kashe tsamin, a jira. Sai da muka yi kusan wata guda kafin wuta ta dawo. Ruwa ba ya tsami banza. In tanki ya yi tsami, kusan kullum hannun mai ciyar da shi ne.

Marina ma sun san wannan ilimi tun kafin a ba shi suna. A marinar Ƙofar Mata ana zuba baba da toka da katsi a cikin rami, a bari kwanaki har ya nuna. Halittun da ba sa son iska ne ke aiki a can ƙasa, toka kuma ita ke hana ruwan tsami.

A masana'anta, saboda haka, ba a kwarara dagwalo kai tsaye. Sai an sanyaya shi ya sauko wajen digiri 35 zuwa 37, kusan ɗumin jikin mutum. Akwai tankunan da ake gudanarwa a digiri 55, da wasu halittun masu son zafi, sun fi sauri amma sun fi saurin fushi. Sannan a rage tsamin, ko da soda, ko kuma, abin da ya fi arha, a riƙa maido da wani kaso na ruwan da ya riga ya fito daga tankin a gauraya da sabo. Sabon tanki kuwa da kaɗan-kaɗan ake fara masa, ana ƙarawa a hankali, makonni har watanni kafin ya ɗauki cikakken kaya. Zafin Kano alheri ne a nan, don yawancin shekara ba sai an ɗumama tanki ba. Sai dai da hunturu, in dare ya yi sanyi, ƙaramin tankin da ke waje yakan yi kasala. Shi ya sa ake binne na gida a ƙasa.

Tanki mai ƙwayar gero, da kududdufi mai mayafi

Tumbin gida, irin wanda ya cika ƙauyukan Sin da Indiya, wanda kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana gwadawa, yakan riƙe abin da aka zuba masa wata guda ko fiye. Masana'antar da ke zubar da tankoki na dagwalo kullum ba ta da wannan sukunin. In kuma ta ce za ta tura ruwan da sauri, sai ya wanke masu gas ɗin ya fita da su, tunda ba sa hayayyafa da wuri.

Wanda ya kwance wannan ƙulli shi ne Gatze Lettinga na Jami'ar Wageningen a ƙasar Holan, a shekarun 1970. Tankinsa, da ake kira UASB, dogo ne a tsaye. Dagwalo na shiga ta ƙasa yana hawa sama sannu a hankali. A irin wannan zama halittun sukan dunƙule da kansu su zama 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, girmansu kamar ƙwayar gero, masu nauyin da ruwa ba ya iya ɗaukewa. Ruwa ya ratsa ta tsakaninsu, su tsince abincinsu, su zauna daram. A can sama akwai wani abu kamar mazurari a kife, shi ke kama kumfar gas ya tura ta bututu, ruwa ya malala ta gefe, ƙwayar da ta taso ta koma ƙasa. Da wannan dabara aikin wata ya koma na 'yan kwanaki, ga ruwa marar kauri ma na sa'o'i. Ƙwayoyin nan har sayar da su ake yi, sabuwar masana'anta ta sayo daga tsohuwa kamar mai sayen irin shuka.

Akwai kuma hanyar da ta fi kusa da mu. A Tailan, inda masana'antun sitacin rogo suke da yawa, sai a haƙa ƙaton rami, a shimfiɗe shi da leda mai kauri don kada ya tsiyaye cikin ƙasa, a cika da dagwalo, a lulluɓe samansa da wata ledar a danne gefe. Gas ya taru ya kumbura mayafin kamar tudu. Kududdufi ne dai aka yi wa rufi. Yana cin fili, bai kai tanki tatsa ba, amma ya fi arha kuma ya fi haƙuri da ganganci. A ganina, ƙasa mai zafi da fili kamar tamu, inda kayan gyara ke wuyar samu, nan ya kamata ta fara dubawa.

Mu yi lissafi

Ƙa'ida guda za a haddace: kowane kilo na ƙazanta da halittun suka cinye, a awon COD, yana ba da metan lita 350 in komai ya tafi daidai.

A ɗauka ga masana'anta mai yin itanol lita 10,000 a rana da molas, kowace lita tana barin dagwalo lita 12. Dagwalo ya zama lita 120,000, wato ya fi tankar mai uku da rabi, irin mai cin lita 33,000. In kowace lita tana ɗauke da giram 80, ƙazantar rana guda ta kama kilo 9,600. Wannan ya yi kusa da abin da mutum 80,000 ke fitarwa a yini.

Halittun ba sa cinye duka. A dagwalon molas, in an samu kashi 60 zuwa 70 cikin 100 an gode Allah. Mu ɗauki 60: kilo 5,760 ke nan. A ninka da 350, ya ba da lita miliyan biyu da 'yan kai. In aka auna da tankin ruwa mai cin lita 1,000, tanki 2,000 ke nan na metan kowace rana.

Me wannan zai yi? Cikin tanki guda na metan yana da ƙarfin wuta kusan daidai da litar dizal guda. Ashe ke nan masana'antar tana zubar da kwatankwacin durom goma na dizal kullum a kwata. In da tukunyar gas ta girki mai kilo 12.5 za a kwatanta, wajen 125 ne. In janareto aka ba, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke zama lantarki, sauran zafi ne, sai a samu kamar yunit 7,000, abin da zai ishi gida 700 masu cin yunit 10 a rana. Ba zai maye gurbin tashar lantarkin Ɗan Agundi ba, amma duk wanda ya sayi mai tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023 ya san darajar durom goma. Galibin masana'antu ma ba sa wahalar da kansu da janareto. Tukunyar tururin da suke dafa itanol ɗin da ita suke kai wa gas ɗin, dagwalon jiya ya dafa na yau.

Ƙasar Barazil ta fi kowa sanin wannan ciwo da maganinsa. Bayan tsadar man fetur ta 1973, ta ƙaddamar da shirin Proálcool a 1975 don motoci su koma itanol ɗin rake. Koguna suka ɗanɗana kuɗarsu, har a 1978 gwamnati ta hana zuba dagwalo a cikinsu. Aka koma fesa shi a gonakin rake a matsayin taki, haka aka yi ta yi shekara da shekaru, ƙarfin wutar da ke ciki yana tafiya a banza. A watan Oktoban 2020 kamfanin Raízen ya buɗe tashar bayogas a Guariba ta Jihar São Paulo, mai ƙarfin megawat 21, tana aiki da dagwalo da tukar da ake tacewa daga ruwan rake. A Indiya kuwa, tankin gas ya daɗe da zama kayan aiki na yau da kullum a masana'antun itanol.

Abin da mai talla ba zai faɗa maka ba

Wanda ya zo sayar da tanki zai ce maka dagwalo ya shiga, gas ya fito, magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Koma kan lissafinmu: an cinye kilo 5,760, saura 3,840 suna nan a ruwan. Baƙin launin molas ma bai gushe ba, don abin da ke kawo shi, wanda ke samuwa in sukari ya sha wuta, halittun ba sa iya narkar da shi. Ruwan da ya fito daga tanki bai cancanci kogi ba tukuna.

Inda ya cancanta gona ce. Tsaminsa ya mutu, kuma yana ɗauke da fotash mai yawa, ɗaya daga cikin sinadarai uku na takin kamfa, da ɗan sauran. Amma shi ma da awo. In aka yi ta kwarara shi a fili guda, gishiri ya taru ƙasa ta gaji, ya kuma tsiyaya ya tarar da ruwan rijiya. Masana'antar da ba ta da isasshiyar gona kusa da ita, ko wata hanyar ƙarasa tace ruwan, tanki kaɗai ba zai wanke ta ba. Al'ummar da za a kafa wa irin wannan masana'anta tana da haƙƙin tambaya tun a zaman farko: bayan gas, ina ruwan zai tafi?

Sai warin ruɓaɓɓen ƙwai da muka fara ji a kududdufi. Dagwalon molas yana da sinadarin farar wuta da yawa, a cikin tanki sai ya koma iska mai wannan wari. Tana cin ƙarfe, tana lalata injin janareto, saboda haka ake bi da gas ɗin ta cikin akwati mai cike da tsatsar ƙarfe, ta kama ta kafin ya wuce. Tana kuma kisa. In kaɗan ce hanci na jin ta. In ta yi yawa sai ta kashe jin warin, mutum ya zaci ta tafi. Ta fi iska nauyi, a gindin rami take kwanciya. Kusan kowace shekara muna jin labari a garin nan: waya ta faɗa shadda, yaro ya shiga ɗaukowa bai fito ba, wansa ya bi shi, maƙwabci ya bi su, 'yan kwana-kwana su zo su fito da gawa uku. Irin wannan iskar ce, tare da rashin ta numfashi. Ba a shiga tankin gas, ko an kwashe shi, sai an buɗe shi ya sha iska sosai, da igiya a ƙugu da mutane a sama. Wanda ya faɗi a ciki kuma ba a binsa da hannu biyu.

Shi kansa metan ba shi da wari. In ya gauraya da iskar ɗaki ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100, tartsatsi guda ya isa. Ana neman yoyo da ruwan sabulu ne, a shafa a mahaɗar bututu a ga inda kumfa ta tashi, ba da ashana ba. Yoyon ma asara biyu ce, don metan da ya tsere sama ya fi iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi riƙe zafin duniya kusan sau 28. Shi ya sa in gas ya yi wa masana'anta yawa ake ƙone rarar a bakin dogon bututu maimakon a sake ta.

Kafin masana'antar itanol ta zo mana, abincin tumbi yana nan birjik a Kano: abin cikin tumbi da jinin da ake wankewa a abbatuwa kowace safiya, ruwan tsamin masu koko da masu gasara, ruɓaɓɓen tumatir da kayan gwari na 'Yan Kaba, kashin shanun masu kiwo a gida. Halittun ɗaya ne, ladabin ciyarwar ma ɗaya ne. Dattijon nan mahauci, da muka zo nan a darasi, shiru ya yi can ya ce, "Malam, wato shekara arba'in ina biyan yara su kwashe mini itacen girki su zubar."

Aiki

A amsa waɗannan a littafin rubutu. Me ya sa kifi ke mutuwa in dagwalo ya shiga kogi alhali ba guba aka zuba ba? Tanki yana ba da iska da yawa amma ta ƙi kamawa da wuta: me ya faru, kuma me za ka fara yi? Wata masana'anta tana yin itanol lita 5,000 a rana, kowace lita tana barin dagwalo lita 10 mai ƙazanta giram 60, halittun suna cinye kashi 70 cikin 100: lita nawa ta metan za a samu, kuma kilo nawa na ƙazanta ya rage a ruwan?

Na gwaji kuma, a haɗu mutum uku-uku. A samo robar ruwa biyu masu cin lita ɗaya da rabi. A dama ɗanyen kashin shanu da ruwa daidai wa daida, a zuba wa kowace har kashi biyu cikin uku. Ta farko a bar ta haka. Ta biyu a ƙara mata kofi guda na ruwan tsamin gasara. A ɗaura balan-balan a bakin kowace a ɗaure da kyauro, a ajiye a waje inda ke da ɗumi, nesa da murhu da yara. Kowace rana a auna kewayen balan-balan da zare a rubuta, har kwana 21. Kada kowa ya gwada kunnawa a gida. A kawo robobin aji, a tsakar fili za mu gwada tare.